A YI WA ƘARA MUDU ƊAYA A GOMBE

Duk wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi a Gombe ya san ciniki ba ya faɗawa sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da mudun da za a yi awo da shi. In wannan ya zo da mudu mai zurfi, wancan kuma ya zo da wanda aka bubbuge wa gindi, to, ko sun wuni suna rantsuwa ba za su daidaita ba. Haka maganar take game da ƙarar da ke damun mutanen birnin. Akwai dokar da ta faɗi iyakar ƙara, akwai kuma na'urorin auna ta, amma muddin ba a tsai da hanya guda ta awo ba, dokar za ta ƙare a takarda.

Tun da aka mai da hedikwatar masarauta daga Nafada zuwa Gombe Doma a 1919 garin yake ta cika. Cinikin auduga ya jawo jama'a, layin dogo da ya isa Maiduguri a 1964 ya ratsa ta nan, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha. Manyan hanyoyin Bauchi, Yola, Biu, Potiskum da Dukku duka a nan suka haɗu. Tireloli masu ɗauke da simintin Ashaka, da tankokin mai, da manyan motocin hatsi suna wucewa dare da rana, ga Keke Napep da 'yan acaɓa. A cikin unguwanni irin su Jekadafari, Bolari, Pantami da Herwagana kuwa, injin niƙa da shagon walda da janareta suna jingine da katangar ɗakin kwana.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙara mai yawa tana kashe ji a hankali, tana hana barci, tana da hannu a hawan jini da ciwon zuciya, tana kuma hana yaro fahimtar karatu a aji. Ana auna ta da ma'aunin da ake kira desibel. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara kada ƙarar motoci ta wuce desibel 53 in an haɗa yini da dare, da dare kuwa kada ta wuce 45. Lissafinsa kuma ba irin na kuɗi ba ne. In injin guda yana ba da desibel 70, aka kunna wani irinsa a gefensa, jimlar 73 ce, ba 140 ba. Wato ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka. Saboda haka kuskure kaɗan wajen awo babban kuskure ne wajen hukunci.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin hana ƙara. Sun ce a wurin asibiti da manyan makarantu kada ta wuce desibel 45 da rana, 35 da dare. A unguwar zama zalla 50 da 35. Inda gidaje suka cuɗu da ƙananan masana'antu da kasuwanci 60 da 50. A yankin masana'antu 70 da 60.

To, amma a ina za a kafa na'urar, da wane lokaci, har tsawon minti nawa? Wani zai tsaya bakin titi da tsakar rana da wayarsa ta hannu na minti biyar, wani ya auna cikin ɗaki bayan an ɗauke wuta injuna sun tsaya, kowa kuma ya fito da lambarsa. Wanda wannan ruɗani yake yi wa daɗi shi ne mai ƙarfi. Talaka ya kai kukan injin da ke hana iyalinsa barci, mai injin ya ɗauko nasa gwani ya auna a lokacin da ya ga dama, shi ke nan magana ta mutu.

Turawa ma sun sha wannan wahala. A 2002 Tarayyar Turai ta umarci ƙasashenta su riƙa zana taswirar ƙara ta manyan birane da hanyoyi da layin dogo da filayen jirgin sama duk shekara 5, a nuna da launi inda ta tsananta da yawan mutanen da take taɓawa. Da aka tattara taswirorin sai aka ga ba su kwatantuwa, don ƙasashen ba hanyar lissafi ɗaya suka bi ba. Sai a 2015 suka amince da hanya guda mai suna CNOSSOS-EU, ta zama tilas daga ƙarshen 2018. Shekara 16 ke nan kafin mudunsu ya zama ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amma fa kada a kwaso tasu hanyar a ɗora wa Gombe yadda take. Su suna lissafi ne da yawan motoci da gudunsu da irin shimfiɗar titi, suna kuma ƙiyasta ƙarar a tsayin mita 4 daga ƙasa. A Gombe yawancin gidaje ba benaye ba ne, da bazara kuma a tsakar gida ake kwana. Lissafinsu bai san direba mai danna oda ba fasawa ba, bai san janareta a ƙofar kowane shago ba, bai san lasifikar mai tallar magani ba. Kuma ƙarar lokacin kaka, sa'ad da motocin hatsi ke tururuwa, ba ita ce ta damina ba.

Abin da ya kamata shi ne Gwamnatin Jiha ta tara hukumarta ta kare muhalli, GOSEPA, da NESREA, da hukumar taswirar filaye, GOGIS, da malaman Jami'ar Jihar Gombe, su rubuta ƙa'ida guda. A faɗi irin na'urar da aka yarda da ita da yadda za a riƙa daidaita ta. A tsai da wuraren awo na dindindin, kamar tashoshin mota, Babbar Kasuwa, ƙofar asibitoci da makarantu. A faɗi tsayin na'ura daga ƙasa, da nisanta daga titi, da sa'o'in rana da na dare, a kuma auna rani da damina. A raba ƙarar motoci da ta injuna, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Sa'an nan a buga taswirar da Hausa a liƙa a ofisoshin masu unguwanni, a sabunta ta a kan kari.

Wasu za su ce mutanen da ke fama da tsadar abinci da ƙarancin ruwa da zaizayar ƙasa ina ruwansu da desibel. Amsar ita ce, da ma talakan ne ke kwana kusa da injin, mai hali tuni ya koma inda babu hayaniya. Kuma taswira ba sandar dukan mai niƙa ko mai walda ba ce, su ma abinci suke nema, su ne ma kunnuwansu ke fara lalacewa. Amfaninta shi ne a san inda za a yanka wa masu sana'a filinsu, da hanyar da manyan motoci za su bi da dare, da inda bai kamata a gina makaranta ba. Birnin yana ta faɗaɗa wajen Tumfure da sauran gefuna, ana kuma kafa yankin masana'antu a Dadin Kowa. Tun kafin a yanka fuloti ake gyara, in an riga an yi gini sai rusau da biyan diyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa masu iko su ji, tun kunnuwan jama'a na ji.