Gitar Gida: Da Me Za A Yi Matakan Wuyanta?

A wannan mako filin nan ya waiwayi wata ƴar matsala wadda ba ta kai a kira taro a kanta ba, amma ita ce ke kashe gwiwar samari da dama masu harhaɗa gita da hannunsu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Katako ba ya wuya a wajen kafinta. Galan ko gwangwani na iya zama cikin gita. Tsirkiya kuwa, wayar birkin keke ta daɗe tana rufa asiri. Inda aiki ke cijewa shi ne ƴan ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan gita, waɗanda Faransawa ke kira frettes. A nan za a kira su matakai, tunda a kansu ne sauti ke hawa yana sauka.

Uban da ya ga ɗansa na fama da guntun katako da waya, kada ya yi saurin cewa shiririta ce. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula, daga bisani ya zagaya Turai da Amurka da kiɗansa.

Abin da ya sa matakai ke ba masu sana'a wuya a ƙasar Hausa a fili yake: kayan kiɗan gado ba su san su ba. Gurmi da molo da garaya da goge, duk wuyansu sumul yake. Marigayi Malam Maman Barka da gurminsa, da marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, kunne da yatsa ne ke nuna musu inda sauti yake. Gita baƙuwa ce, ta zo da nata hukunci: yatsa na danna tsirkiya ne kawai, ƙarfen da ke gabansa shi ke yanke tsawonta. Idan ƙarfen ya kauce, gwanintar makaɗi ba ta gyara shi.

Wayar da masana'antu ke yi domin wannan aiki, idan aka yanka ta aka dubi bakinta, siffar ƙusa ce da ita. Tana da kai mai tudu, wanda faɗinsa ya kai milimita 2 ko ya ɗara, tsayinsa kuma wajen milimita 1, sannan da siririyar ƙafa mai ƴan haƙora da ake dannawa cikin tsagar da zarto ya yi. Haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, yawanci nikel ɗin kashi 18 cikin 100. Turawa na kiran haɗin azurfar Jamus, alhali ko ƙwayar azurfa babu a ciki; ɗan kasuwan da aka yi wa tallarta da wannan suna sai ya san abin da zai taya. Ba kaya ba ce da ake tsinta a teburin kowane mai sayar da ƙusa da kwaɗo. To, rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Hannun yaro yakan fara kaiwa ga ƙusa. A yanke kai da tsini, a shafa gam, a kwantar. Tana aiki, sai dai ƙusoshin kasuwa ba kaurinsu ɗaya ba ko da daga kwali guda suka fito, ga tsatsa da zarar gumin hannu ya haɗu da damina. Wayar lantarki ta jan ƙarfe ta fi ta kyan gani, kuma kaurinta daidai yake tun daga farko har ƙarshe: wadda masu aikin lantarki ke kira 2,5 kaurinta ya kusa milimita 1,8. Aibinta taushi. Tsirkiyar ƙarfe na cin ta, ba a jima ba sai rami ya fito a inda aka fi dannawa, gita ta shiga zuza kamar ƙudan zuma. Ga mai tsirkiyar nailan kuwa ba ta da laifi.

Tsinken ƙafar keke ya fi su duka ƙarko. Kaurinsa milimita 2 ne a yawancin kekuna, a miƙe yake, kuma mai gyaran keke ba ya rowar tsohon da ya cire. Amma taurin nan nasa shi ne wahalarsa: magagari na shan wuya kafin ya rage shi, kuma idan ɗaya ya fi ƴan'uwansa tsayi, daidaita shi aiki ne na yini. Wanda ba ya tsatsa ya fi mai rufin tutiya, domin rufin na gogewa.

Wadda ta fi cancanta a nema ita ce sandar tagulla da masu walda ke liƙi da ita. Ta fi jan ƙarfe tauri, ba ta kai ƙarfen keke gardama ba, ba ta yin jar tsatsa, kuma ana samunta da kauri iri-iri. Sanda biyu sun wadaci gita guda, domin matakai 20 masu tsawon santimita 5 zuwa 6 ba su wuce mita ɗaya da ƴan kai ba. Dabarar ita ce a goge gefe guda da magagari har ya baje, ko kuma a yi wa katakon ƴar kwarya marar zurfi inda rabin sandar zai nutse, sannan a manne da gam mai ruwa biyu irin Araldite. Waya mai zagaye da aka ɗora a kan katako sumul, ranar da gam ya gaji za ta mirgine. Maƙeran azurfa irin na Agadas, da suka saba jan waya da daddale ta, wannan aiki ba zai ɗauke su hantsi ba. Mai fallen tagulla ma na iya yanka shi siri-siri ya kafa a tsaye cikin tsaga. Wannan ba ƙauyanci ba ne: kamfanin Martin na Amurka da irin waɗannan matakai ya yi ta ƙera gitocinsa har zuwa 1934.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar ƙarfe sam. A Turai ta da, da hanjin dabba ake ɗaura matakan molon Turawa. Turkawa har yau zaren nailan irin na fatsa suke naɗawa a wuyan molonsu mai suna saz. Ana ɗaure zaren a wajen da wuya ya fi siranta, a tura shi zuwa inda ya fi kauri domin ya ɗame, ƙullin na gefe. Ribar wannan ita ce matakin da ya kauce ana iya gusar da shi da farce. Ga mai koyo, babu abin da ya kai wannan sauƙi.

Sai dai duk wannan zance na ƙarfe da zare rabin magana ne. Gitocin gida da yawa ba kayan aiki ne ya kashe su ba, awo ne. Yaro yakan dubi hoton gita ya jera matakai da ido, ko ya ba su tazara ɗaya kamar tsani, sai kiɗa ya fito kamar kukan jaki da asuba. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin ɗan lakwal ba. A auna tsawon tsirkiya daga bakin wuya, inda take tasowa, zuwa jakin da ta hau a kan cikin gita. A raba da 17,817. Abin da ya fito shi ne mazaunin mataki na farko. A cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar da 17,817, haka har a gama. Idan tsirkiya santimita 65 ce, mataki na 1 na kan milimita 36,5, na 2 a kan 70,9, na 5 a kan 163, na 7 a kan 216,2, na 12 kuma a tsakiya cif, milimita 325. Wanda na 12 ɗinsa bai faɗa tsakiya ba, sai ya koma ya duba lissafinsa tun bai taɓa zarto ba. Kowane awo daga bakin wuya ake ɗaukarsa, domin mai aunawa daga mataki zuwa mataki yana tara kuskure ne kamar mai cin bashi da ruwa. Kuma tsakiyar wayar ce za ta hau kan layin, ba gefenta ba.

Mai ƙyamar ƴan lambobin bayan waƙafi na iya rabawa da 18. Vincenzo Galilei, makaɗi, mahaifin Galileo masanin taurari, ya bayyana wannan ƙa'ida a littafinsa na 1581. Da ita mataki na 12 kan gaza tsakiya da wajen milimita 2,4, gibin da ke ɗan rage tashin da sauti ke yi sa'ad da yatsa ya danna tsirkiya ta ƙara ɗamewa.

Ba dole ba ne ma a cika matakai 20. Kiɗan Hausa da na Abzinawa galibi a kan sautuka biyar yake tafiya. Mai gita ta tsirkiya ɗaya ko biyu na iya kafa na 3, na 5, na 7, na 10 da na 12 kaɗai, wato santimita 10,3 da 16,3 da 21,6 da 28,5 da 32,5, ya sami abin kaɗawa a dandali. Ranar da zai shiga ƙungiya mai piyano ne zai san ya yi tsimi.

Gargaɗi ɗaya ga ma'aikatan da ke riƙe da kayan gidajen matasa da makarantu: waɗannan dabaru na gitar gida ne. Gitar kamfani da matakanta suka cinye tana da tsagoginta da aka yi domin waya mai ƙafa, kuma manna mata ƙusa lalata dukiyar jama'a ne. A nan araha ba ta ado. Wayar gaskiya ba ta da nauyi, ana naɗe ta kamar ƙawanya, ba ta ruɓewa a kanti. Alhazan da ke sarin kaya a Kano, Kwatano, Dubai ko Sin, ɗauri guda a kusurwar akwati zai tayar da gitoci da dama da ke jingine a ɗakunan ajiya.

Wanda zai yi aikin, ya fi kyau ya yi shi da busasshen katako, a cikin hunturu. Katakon da aka sa wa matakai da damina yakan tsuke idan iska ta bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansa su leƙo ta gefen wuya suna yankan yatsu. Idan hakan ta faru, a bi bakunan da magagari a karkace, ɗaya bayan ɗaya, har hannu ya wuce bai ji kaifi ba.