Wa Ya Ba Ku Fatawar Wasa Da Karatu?



Ya ku 'yan uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu, kuma ba za a ci gaba da kau da kai daga gare ta ba. Wai karatun boko neman duniya ne kawai, don haka babu laifi mutum ya kwashe shekara shida yana gararamba a sakandare, in jarrabawar WAEC ko NECO ta zo ya haɗa kuɗi a rubuta masa amsa a allo. Abin takaici, cikin masu faɗin haka har da waɗanda ba sa rasa sahun farko a masallaci.

A wane littafi kuka ga wannan fatawa? Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya tarar ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, nan take ya barranta daga mai ha'inci. Abincin kasuwa ke nan fa. To ina ga takardar da ke shaida ka san abin da ba ka sani ba, wadda za ka ci albashi da ita har shekara 35? Wanda ya saci amsa yau, gobe shi zai riƙe allura a asibitin garinku, kuma mahaifiyar wani ce kwance a gadon.

Shi kansa wannan rabe-raben, magabata ba su san shi ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumid Din ya sanya likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai su, laifin na kowa ne. Khawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljebra, ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin lissafin gado ne da wasiyya. Ni kuwa duk sa'ad da muka iso babin gado a Risala nakan ga abin da kasala ta haifar. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Ɗalibi ya haddace cewa mata tumuni gare ta, uwa kuma sudusi. A ce ya haɗa 1/8 da 1/6, sai ya sunkuyar da kai, alhali yana ajin ƙarshe na sakandare! Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, ɗa 17. Wanda ya yi barci a darasin lissafi, yaya zai raba wa marayu haƙƙinsu?

Na san uzurorinku. Aji ya cika maƙil, littattafai sun yi tsada, a 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Duk gaskiya ne. Amma wa ya hana ka buɗe littafi a cikin watannin nan takwas? Wayar da ke cinye maka dare, ai ita ce wani ke koyon darasi da ita.

Sai masu fakewa da tawakkali: ba bita, ba nazari, sai daren jarrabawa a tashi da nafiloli. Addu'a makami ce, babu mai ja. Sai dai wanda ya koya mana ita shi ne ya umarci mai raƙumi ya fara ɗaure shi. Da ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa, cikin kusan rabin wata ya ƙware.

Hanyar kun riga kun san ta daga Islamiyya. Ba wanda ke haddace izu a daren musabaƙa; kullum ake biyawa, a kai hadda, malam ya gyara, a koma tilawa. Ku yi wa lissafi da Turanci da kimiyya haka. Abin da aka koyar da safe a maimaita shi kafin a kwanta, wanda ya shige duhu a ɗaga hannu a tambaya ko da 'yan aji za su yi dariya, kuma a kashe waya tsakanin magariba da lisha.

Wassalamu alaikum.