Ramin Da Aka Gina Don Kuɗi Ba Ya Riƙe Ruwa

Jama'ar Arewa, manoma da makiyaya, maza da mata, ku saurara. Akwai wata magana da ta kama bakin mutane a ƙauyukanmu. Ya kamata mu kashe ta tun ba ta kashe mana ƙasa ba. Maganar ita ce: "Ai aikin furoje ne."

An jera duwatsu bisa tudu, ruwa ya ture su, ba mai gyarawa. Aikin furoje ne. An gina ramukan rabin wata, rairayi ya cike su, ba mai yashewa. Aikin furoje ne. An dasa itace, akuya ta cinye. Aikin furoje ne. To, furoje ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Gonar wa ruwa ya ci? Tamu.

Mu duba yadda ƙasarmu take. Fadamar da ake kira Dallol Mawri ta ratsa Arewa daga Matankari, ta bi Dogon Dutsi da Kiyeshe, ta wuce Kore Mai Ruwa da Tibiri, ta gangara kudu wajen Gaya. Gabas da yamma tuddai ne na dutse. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa da yawa suka mutu bisa tuddan nan, saura kuma gatari ya bi su. Ƙasa ta zama fako. Fako ba ya shan ruwa. In an yi ruwa, sai ya zubo da gudu, ya yanka kwazazzabo, ya kwashi rairayi ya zuba cikin fadama. Na tudu ya rasa ruwa. Na tsakiya ya rasa gona. Na gangare ya sami rairayi cikin tabki da rijiya, wani lokaci har cikin ɗaki.

Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama na milimita 20, in ya sauka bisa hekta ɗaya, lita 200,000 ne. Wato tano 1,000 mai cin lita 200. Ruwan dare ɗaya ke nan. Allah ya aiko mana shi kyauta, mu kuwa muna kallo yana wucewa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Jerin duwatsu yana rage wa ruwa gudu. Rabin wata, wanda bakinsa ke kallon tudu, yana tare shi har ƙasa ta sha. Tassa, ƙaramin rami da ake zuba wa taki cikin hannu ɗaya ko biyu, tana mai da fako gona. Duka mun iya su. Me ya hana su daɗe?

Laifi kashi biyu ne. Na farko yana wuyan masu kawo aiki. Sau da yawa sun gama shawara tun a ofis. Su zo da mota, su gaida mai gari, su nuna fili, su rubuta sunaye, su ƙidaya ramuka, su biya, su tafi. Ba su tambayi tsoho inda ƙorama take bi tun zamanin kakansa ba. Ba su tambayi mace inda take samun itacen wuta ba. Ba su tambayi Bafillace ko Buzu inda burtali ya ratsa ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kashi na biyu yana wuyanmu. Mun mai da gyaran ƙasa ƙodago. Mai ƙodago ramuka yake ƙidayawa, ba ruwansa da zurfi. Ranar da aka daina biya, ranar yake aje diga. Mutanen da kakanninsu suka san gayya, yau ba su ɗaga dutse ɗaya sai an nuna musu jika.

Wani zai ce: "Malam, kana magana kamar wanda ya ƙoshi. Da bazara rumbu wayam yake. Kuɗin aikin nan shi ke sayen tiyar hatsi, shi ke hana samari tafiya bida." Gaskiya ne. Ba wanda ya ce a ƙi kuɗi. Mai yunwa ba ya fasa dutse. A karɓa, a ci, a gode. Amma kuɗin yini ne, ƙasa kuwa ta shekaru ce. Wanda ya karɓi kuɗin ya manta da ramin, ya sayar da saniya ne ya sayi nono.

Ku ji abin da ya faru a Illela, cikin Adar. A shekarar 1989 wani furoje ya kai manoma kaɗan ƙasar Yatanga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka masu faɗi ana zuba taki. Da suka komo, suka gwada a gonakinsu. A 1990 damina ba ta yi kyau ba, amma masu tassa suka sami abin girbi. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka kwaikwaya. Ba a daɗe ba fakon da aka yar ya yi daraja, har mutane suka shiga sayensa da kuɗi. Me ya sa? Don kowa ya san hatsin da ya fito nasa ne.

Haka a Maradi. Tun wajen 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Yau ana lissafin wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Ba a sayi irin dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Da manomi ya tabbata gawon nasa ne, sai ya tsare shi kamar ɗa.

Ashe asirin ba ya cikin diga. Yana cikin amsar tambaya ɗaya: na wa ne? Saboda haka, kafin a sara ƙasa, a zauna ƙarƙashin itace a amsa tambayoyi huɗu.

Ta 1: Filin na wa ne yau, kuma na wa zai zama in ya gyaru? Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo. A kira su, a rubuta takarda. In ba haka ba, mata da talakawa su yi wahala, ciyawa na fitowa wani mai ƙarfi ya ce gadon ubansa ne.

Ta 2: Daga ina za a fara? Daga bisa tudu. Mai toshe kwazazzabo a gangare, tudu kuwa tsirara, yana zuba ruwa a kwando ne. Ƙauyen tudu da na fadama su zauna tare, don ƙorama ɗaya ta haɗa su.

Ta 3: Ina dabbobi za su bi, kuma yaushe za a buɗe musu ciyawa? Makiyayin da aka yi shawara da shi, shi ne mai gadi. Wanda aka rufe wa hanya ba sallama, faɗa aka shuka.

Ta 4: Wa zai gyara bayan damina? A sa rana, a sa suna, a sa tara ga wanda ya ƙi fitowa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranarku. Ku riƙe alƙalami a wurin taron. Ku rubuta abin da aka yarda da shi da Hausa, ku karanta wa jama'a, kada a dangwala yatsa bisa abin da ba a ji ba. In baƙo ya zo da taimako, a yi masa maraba, a shimfiɗa masa tabarma, a ce masa: ga abin da muka shirya, kama mana nan. In ya ce sai dai nasa tsarin, a tambaye shi inda zai yi noma baɗi.