ZAMAN BAƘUNCI: Guzurin Mai Niyyar Bankok

 

Tambayoyi uku suka iso mini a kan gari guda, biyu daga iyaye mata a nan Malanville, ɗaya daga wani magidanci a Kandi. Kowannensu yana da ɗa ko ƙane da ya ɗaura niyyar Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, kuma abin da suke son ji ɗaya ne: yaya Musulmi baƙo zai zauna can, ya tsira da addininsa da jarinsa da mutuncinsa?

Sunan ƙasar dai ba baƙo ba ne a gare mu, domin a jikin buhu muka fara karanta shi. A 2017 da 2018 babu ƙasar da ta kai Benin sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma kowa ya san ba mu muka cinye ta ba. Mafi yawanta Najeriya ta nufa, har zuwa lokacin da aka rufe iyakarta a Agustan 2019. Mutanenmu kuwa sun daɗe suna zuwa can sarin tufafi a kasuwannin Pratunam da Bobae, ko da yake Dubai da Guwanzu sun janye da yawa daga cikinsu. Akwai masu kai duwatsu masu daraja unguwar Silom da garin Chanthaburi, akwai kuma masu zuwa neman magani.

Da takarda zan fara, don nan ne ɗan bakin iyaka ya fi tuntuɓe. Mun tashi muna ƙetare kogi zuwa Gaya, muna shiga Kamba mu dawo, wani lokaci gaisuwa da sanayya kaɗai suke fisshe mu, har muka saba ɗaukar takarda a matsayin abin da ake sasantawa a kansa. Wannan ɗabi'a a bar ta a gida. Ana neman biza tun kafin a tashi, kuma tun farkon 2025 ta intanet ake cika ta. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Benin ko Nijar ko Najeriya, mai fasfo ɗin Najeriya kuma ana neman ya haɗa da takardar shaida daga hukumar NDLEA. Daga 1 ga Mayu 2025 an ƙara katin isowa da ake kira TDAC, wanda ake cikawa a waya cikin kwana uku kafin sauka. Kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi a kansa a tambaye shi dalili.

Da zarar jami'i ya buga hatimi a filin jirgin Suvarnabhumi, matafiyi ya tsaya ya karanta ranar da aka ɗibar masa, domin ita ce abin lura, ba abin da dillalin biza ya faɗa masa a Kwatano ba. Wanda ya wuce ranar, tararsa baht 500 ce kowace rana har ta kai baht 20,000, wato sama da jika 300 na sefa. Tarar ma ita ce mai sauƙi. Tun daga Maris 2016, wanda ya zarce da fiye da kwana 90 ya kai kansa, za a hana shi shiga ƙasar shekara guda. Wanda kuwa kama shi aka yi, hanin shekara 5 ne, idan zarcewar ta haura shekara ya zama 10. Kafin a mayar da shi gida zai zauna a gidan tsare baƙi na Suan Phlu, kuma shi ko danginsa za su biya kuɗin jirgi. A nan ne ake sayar da fili da shanu a gida domin sakacin da tikitin komawa a kan lokaci zai iya kawarwa.

Gaskiya ɗaya ce, baƙar fata ya fi Bature fuskantar tsayarwa a titi, musamman a unguwar Nana, kuma a 2017 da 2018 an yi samame iri iri da suka fi shafar ƴan Afirka. Ba adalci ba ne, amma gardama da ɗan sanda a bakin hanya ba ta gyara shi. A riƙe fasfo a jiki, a ajiye hotonsa a waya da kuma wurin wani amintacce. Mai gida ko otal yana da wajibin sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24 cewa ya sauki baƙo, da takardar da ake kira TM30, kuma ya kamata baƙon ya tabbata an yi, don za a iya tambayarsa ita ran da ya je neman ƙarin kwanaki. Mai dogon zama yana kai rahoton adireshinsa duk kwana 90. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, talla a titi kuwa tana cikin sana'o'in da doka ta keɓe wa ƴan ƙasa. Idan kuma aka ga shekara ta 2568 a takardar haya ko rasit, kada a rikice: 2025 ke nan, lissafinsu ya ɗara na Miladiyya da shekara 543.

Sai maganar saƙo. A al'adarmu wanda zai yi tafiya ba ya ƙin karɓar ƙunshin maƙwabci, ƙin karɓa ma kamar yanke zumunci ne. To, dokar Tailan a kan safarar ƙwaya tana kaiwa ga ɗaurin rai da rai, har ga kisa, kuma alƙali ba ya tambayar wanda ya ba ka, abin da aka samu a jakarka shi ne naka. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: ƙunshin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka ɗauka, ko na ɗan ɗakinku ne, a tafiya ko a dawowa. Mai gaskiya ba zai ji haushin a buɗe saƙonsa ba. Iyaye su riƙa faɗa wa yara haka da bakinsu, don yaron ya sami abin kafa hujja idan wani babba ya matsa masa. Tabar lantarki haramtacciya ce a can tun 2014. Shagunan wiwi da matashi zai gani kuma kada su ruɗe shi. An sassauta dokarta a 2022, aka sake ƙuntata ta a 2025.

Ɗaya daga cikin iyayen da suka rubuto ta ce an yi wa ɗanta alkawarin aikin kwamfuta, da albashi da dala, da tikiti kyauta. Hajiya, ki riƙe shi tukuna. A yammacin Tailan akwai wani gari mai suna Mae Sot, kimanin kilomita 500 daga Bankok, garin iyaka ne mai kogi kamar namu, a ƙetarensa kuma akwai Myawaddy ta ƙasar Myanmar. Can ne gungun ƴan damfara suka gina gidaje masu katanga da masu gadi, inda ake tsare matasa a tilasta musu yaudarar mutane ta intanet, wanda ya gaza a doke shi, wanda ya nemi tafiya a yanka wa danginsa kuɗin fansa. A Fabrairun 2025 an fito da dubban mutane daga waɗannan wurare, cikinsu har da ƴan Habasha da Kenya da wasu ƙasashen Afirka. Kusan duk labarinsu iri ɗaya ne: talla a Facebook ko Telegram, aiki ba tare da gwajin ƙwarewa ba, bizar yawon buɗe ido maimakon ta aiki, sai mota ta tarye su a filin jirgi ta yi ta tafiya da su awa bakwai ko takwas. Kamfanin gaskiya yana aiko da kwangila a rubuce, da adireshin da za a iya bincika, da takardun neman bizar aiki. Idan babu waɗannan, zaman yaro a gonar albasa a bakin kogi ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Mu koma ga ibada. Abu na farko da zai ba ɗanmu mamaki shi ne alƙibla. Mu da muka saba cewa mutum ya fuskanci gabas idan zai yi salla, a Bankok yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa, domin Makka tana yammacinsu. Tsawon yini bai bambanta da namu sosai ba, sai dai suna gabanmu da awa shida: lokacin da suke buɗa baki, mu rana ba ta daɗe da yin tsaka ba. Mai kiran waya daga gida bayan lisha ya tuna cewa tsakar dare ya wuce a can.

Musulmi kaɗan ne a ƙasar, wajen kashi 5 cikin 100, mafi yawansu a kudu, amma Bankok tana da masallatai masu yawa. Wanda ya sauka a Pratunam yana kusa da masallacin Darul Aman. Masallacin Haroon a unguwar Bang Rak, kusa da kogin Chao Phraya, ya saba da baƙi daga ƙasashe dabam dabam, akwai kuma babbar cibiyar Musulunci a Ramkhamhaeng. Jumma'a ranar aiki ce a wurinsu, don haka a tsara ciniki da sanin haka. Mafi yawansu mazhabar Imamu Shafi'i suke bi: liman zai bayyana bisimilla, zai yi alƙunutun asuba bayan ruku'u a bayyane, jama'a na ɗaga hannu. Bamalike ya bi limaminsa, sallarsa ta yi, kuma bai kamata baƙon kwana ashirin ya tsaya gyara wa mutane abin da malamansu suka karantar da su shekaru aru aru ba. Ganin wata kuma ofishin Shaihul Islam na ƙasar, wanda suke kira Chularajmontri, shi ke sanarwa, da shi za a ɗauki azumi a ajiye, ba da saƙon da aka turo daga Sakkwato ko Yamai ba.

Abinci yana son kula fiye da yadda ake zato. Naman alade yana ko'ina, kuma barin tsokar kaɗai bai wadatar ba, domin romon da aka dafa taliya da shi, da man suya, da cikin ɗan burodi, duk suna iya zama nasa. Sunansa da harshensu "mu", kalma ce da ta cancanci a haddace tun a jirgi. Kayan gwangwani da na leda a duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, masu abincin titi Musulmi kuma sukan kafa alamar jinjirin wata da tauraro. A wurinsu ake samun khao mok kai, shinkafa da kaza mai kurkum, wadda ba ta yi nisa da dafa dukanmu ba. A layin Sukhumvit Soi 3 akwai gidajen abincin Larabawa da na ƴan Afirka, sai dai unguwa ce da dare ke canza mata fuska, mai kamun kai ya ci ya koma masauki. Ruwan famfo ba a saba shan sa ba, na gora ake saye. Uwar da ke shirin ƙulla wa ɗanta kilishi ta haƙura, shiga da nama ba izini laifi ne.

Game da zama da mutanen gari, abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko sarauta: sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, ko da a rubutun waya ne, kuma bai ware baƙo ba. Hoton sarki yana jikin kuɗi, saboda haka idan takardar kuɗi ta faɗi ba a take ta da ƙafa. Ana sa taken ƙasa ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma a tashoshi da wuraren taruwa, jama'a su tsaya cik, baƙo ma ya tsaya. Na biyu addininsu: ba mu bauta wa abin da suke bauta wa, amma ba a yi masa ba'a, mace kuma ba ta taɓa malamin Buda ko ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ba a shafa kan mutum, ba a nuna shi da ƙafa. Cinikin nan namu na kasuwar Malanville, mai ɗaga murya da rantsuwa da juya baya a kira ka, a can rashin tarbiyya ake ɗaukarsa, mai shago zai yi murmushi kawai ya daina sauraronka. Da na'urar lissafi ake ciniki, kowa ya danna farashinsa cikin natsuwa. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ne, shaguna da yawa a rufe, ana watsa wa kowa ruwa a titi; a sa fasfo a leda, kada a yi fushi, mafi kyau ma kada a sa tafiyar sari a wannan mako.

Zirga zirga ba ta da wuya. Ta hagu suke tuƙi, don haka a fara duba dama kafin a ƙetare titi. Mai tasi ya kunna mita. Ƴan kabu kabunsu suna sanye da riga mai ruwan goro, jirgin ruwan magudanar Saen Saep kuma yana kai mutum daga Pratunam zuwa Bobae ba tare da cunkoso ba. Lambar ƴan sandan da ke kula da baƙi 1155 ce.

Idan an gama sari, kada a miƙa kaya ga mai jigila sai da rasit mai ɗauke da adadin dila, da nauyi, da tashar da za a sauke. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci tun da aka rufe gadarmu a ƙarshen Yulin 2023, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome. Mai kayan Gaya ko Dosso ya bincika halin hanya a ranar da zai sa hannu, kada ya dogara da yadda aka saba.

Ga magidancin Kandi da ya tambayi abin da ya rataya a wuyan na gida: kafin ƙanenka ya tashi, ya bar maka hoton fasfo da biza, da sunan masaukinsa, da ranar da tikitin dawowarsa ya nuna. Ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi a gaban shaidu biyu, musamman kuɗin mutanen da suka ba shi sari. Ya bar wa iyalinsa abin ciyarwa na kwanakin da ya ɗiba da ƙarin wata guda, ya kuma faɗi wanda ya wakilta a kansu. Ku yanke ranar da za ku riƙa magana kowane mako, idan ta wuce sau biyu ba a ji shi ba, a fara cigiya ta wurin fataken da suka san masaukin.