Allurar Bakin Tasha Tana Cin Ƙodarmu

Ƴan uwa matasa, yau da ɓacin rai nake rubutu.

A zafin watan Afirilu kawuna ya yi zawo da zazzaɓi. Mai kwalin magani na unguwa ya yi masa allurar jantamisin kwana da kwanaki, ya haɗa masa da diklofenak, ba awo, ba takardar likita. Yau kawu yana layin wankin ƙoda a Yamai, gonarsa an sayar.

Jantamisin magani ne na gaske, yana ceton rai in likita ya auna. Amma ta ƙoda yake fita, kuma yana taruwa a cikin ƙananan bututunta yana lalata su. In jiki ya bushe da zawo ko zufa, ko mutum tsoho ne, ko an haɗa da maganin ciwo irin diklofenak, ɓarnar ƙaruwa take yi. Kuma shiru take zuwa: mutum yana fitsarinsa, sai awon jini ya nuna. Har ji yana iya ɗaukewa.

Za ku ce talauci ne, farmasi da tsada. Gaskiya ne. To wa ke da kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako?

Antibiyotik ba ya maganin mura, jantamisin kuma ba ya maganin masassarar sauro. Mu daina miƙa wa kowa cinya ya soka mana allura. Hukumomin lafiya kuwa, kuna ganin kwalayen nan a rana, a tasha da kasuwa. Sai yaushe?