Fa'idodi da Illolin Manyan Motocin Alfarma a Hanyoyin Bagudo da Iyakar Benin

Ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi ƙasa ce da kogin Kwara ya raba gida biyu. Wanda ya taso daga garin Bagudo ya haye gadar Tuga, gabansa Ka'oje ce, da Illo, da Lolo, da Tsamiya, inda daga nan sai Segbana ta Jamhuriyar Benin. Tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja neman goro, Illo zango ce da mashiga, kuma har yau fatauci ne ke riƙe da yankin: shinkafa, albasa, kifi, shanu, da kayan da ke fitowa daga Kwatano. A kan waɗannan hanyoyi ne ake ganin jif-jif na sarakuna, 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa suna wucewa tsakanin baburan kabu-kabu da amalanken shanu. Wasu na ganinsu larura, wasu na ganinsu almubazzaranci. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurara.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a san cewa abin da muke haɗawa mu kira jif iri biyu ne. Akwai wadda aka ɗora gangar jikinta a kan ƙaƙƙarfan ƙarfe irin na motar ɗaukar kaya, kamar Toyota Land Cruiser, Prado, da Lexus LX 570. An ƙera su ne domin daji, kuma asalin Land Cruiser ya koma 1951. Akwai kuma wadda ƙirarta ta ƙaramar mota ce, aka ɗaga ta sama aka faɗaɗa cikinta, kamar RAV4 da ta fito a 1994, da Lexus RX da ta shiga kasuwa a 1998, da Highlander. Daga nesa kamarsu ɗaya, amma a cikin taɓo da kuma a gidan mai kowace halinta daban.

Fa'idodi

Babbar fa'idar jif a wannan yanki ita ce tsayinta daga ƙasa. Tsakanin cikin Land Cruiser da ƙasa akwai kimanin santimita 23, na Corolla kuwa bai cika wuce 15 ba. Wannan 'yar tazara ita ce ke raba wanda ya isa gida da wanda ya kwana a hanya. Da zarar an bar kwalta aka kama burji ko hanyar ƙauye a watan Agusta, za a tarar manyan motocin shinkafa sun haƙa layi biyu masu zurfi, sun bar tudun laka a tsakiya. Ƙaramar mota na hawa sai cikinta ya zauna a kan tudun, tayoyi na juyawa a banza suna watsa taɓo, fasinja su sauko su naɗe wando, a nemo samarin gari da itace da fartanya. Jif mai giyar jan taya huɗu takan bi wurin a hankali ta wuce. Kamfanin Toyota ya ce Land Cruiser na iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, abin da mutanen bakin kogi suka san darajarsa, musamman waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a faɗin Kebbi.

Daga nan fa'ida ta biyu ke fitowa, wato ceton rai. A ƙauyukan fadama, motar mai hali ita ce motar asibitin kowa. Idan naƙuda ta yi tsanani cikin dare, ko maciji ya sari manomi, ƙofar Alhaji ake bugawa, kuma Alhajin kirki ba ya tambayar kuɗin mai sai an dawo. Kujerun baya na kwantawa a shimfiɗa mara lafiya, na'urar sanyaya iska ta kare shi daga zafin bazara da ke haura digiri 40, gilasai a rufe su tsare ƙura. Duk wanda ya taɓa raka mai ciwo a bayan babur ya san wannan ba ado ba ne.

Ta uku ita ce ɗaukar nauyi da nisan zango. Yawancin manyan jif na cin mutum bakwai ko takwas, ga wurin kaya. Iyali guda kan tafi biki ko ta'aziyya Birnin Kebbi ko Sakkwato a mota ɗaya maimakon biyu. Wasu samfuran Land Cruiser na zuwa da tanki biyu masu cin lita 138 jimilla. Amfanin wannan ya fito fili a Nuwamban 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Mazauna garuruwan bakin iyaka sun sha wuya, mai babban tanki kuwa yakan cika a cikin gari ya yi kwanaki bai nemi kowa ba.

Ta huɗu, kariya ga na ciki. Mota mai nauyi, mai jakunkunan iska a gaba da gefe, mai birkin da ba ya kulle taya, da na'urar da ke daidaita ta idan ta fara sulɓewa, takan fitar da mutanenta da rai daga karon da zai murƙushe ƙaramar mota. Kujerar direba a sama take, yana hango rami, da garken shanu masu tsallaka hanya, tun daga nesa.

Ta biyar, riƙe daraja. Toyota da Lexus ba sa faɗuwa a kasuwa kamar sauran motoci, ana samun kayan gyaransu, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, akwai waɗanda suka sayar da tsohuwar jif fiye da yadda suka saya. Ga ɗan kasuwar kan iyaka, mota mai kyau kan buɗe masa ƙofa wajen ciniki, domin mutane na auna ƙarfin mai karɓar bashi da abin da ya hawo.

Illoli

Illa ta farko ita ce shan mai, kuma a nan ya kamata a yi lissafi da alƙalami. Lexus LX 570, mai inji silinda takwas da nauyin da ya kusa tan uku, tana shan lita 16 zuwa 17 a kowace tafiyar kilomita 100. Lexus RX 350 da Highlander masu silinda shida suna shan kimanin 11. Corolla na tsayawa a 7 zuwa 8. RAV4 mai haɗin mai da batir tana iya sauka zuwa 6. Waɗannan alƙaluma na mota mai lafiya ne a kan hanya mai kyau. A cikin yashi da laka, da na'urar sanyi a kunne, da kaya a bayanta, abin ya fi haka.

Mu ƙaddara tafiyar kilomita 300 ce, zuwa da dawowa, kuma lita na naira 1,000. Mai LX zai ƙona kusan naira 50,000, mai RX 33,000, mai Corolla 23,000, mai RAV4 ta batir 18,000. Idan mutum na yin kilomita 20,000 a shekara, abin da ke tsakanin LX da Corolla ya kai lita 1,800, wato kusan naira miliyan 1.8 a kan mai kaɗai. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ba wanda ke damuwa da wannan. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tun daga nan jif da yawa suka koma zaman rumfa an lulluɓe su da tamfol, sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure.

Illa ta biyu tana tare da ta farko: irin man da ake samu. A inda gidan mai ya yi nisa, 'yan bumburutu ne madogara. Yaro zai ɗauko jarka, ya kafa mazurari, ya shimfiɗa tsumma a bakinsa ya tuttula, kuma shi kansa bai san hannu nawa man ya bi ba, ko kwana nawa ya yi a rana. Tsohon inji kan haƙura da wannan. Sababbin injuna kuwa, irin na Land Cruiser da ta fito a 2021 mai silinda shida da turbo biyu, ba su da wannan haƙuri. Ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya toshe bututun feshi, ya kashe famfo, ya kunna fitilar gargaɗi a gaban direba.

Nan ne illa ta uku ke shigowa, wato gyara. Motar alfarma ta yau cike take da kwamfutoci. Bakaniken da ya ƙware da sauraron inji da kunne ba zai gane ciwonta ba sai da na'urar bincike, kuma masu irin wannan aiki sun fi yawa a Sakkwato, Kano, Kaduna da Abuja. LX 570 na da tsarin ɗaga jiki da sauke shi da ƙarfin ruwan mai, abin sha'awa a ranar saye, abin kuka ranar da ya lalace, domin gyaransa kan ci kuɗin da zai sayi sababbin babura. Taya huɗu masu faɗi, baƙin mai na musamman, fitila guda idan ta fashe, duk da farashin dala ake sayensu. Kujerun fata, allon kallo da rufi mai buɗewa ba su ƙara wa mota ƙarfin fita daga taɓo ko kaɗan, amma kowanne ƙofa ce ta kashe kuɗi.

Ta huɗu ita ce ta takardu, kuma ta fi shafar mutanen iyaka. Shekaru da dama Kwatano ce kasuwar motocin gwanjo na Turai da Amurka, ana koro su ta Kandi a shigo da su ta hanyoyin daji. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin a Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020. Dillali zai ce maka "'yar Kwatano ce, ba ta taɓa taka Najeriya ba," ya rage maka miliyoyi. Idan ba a biya kuɗin fito ba, ko takardun na jabu ne, jami'an kwastam na iya kama ta ko bayan shekaru, a kowace jiha. Ban da haka, da yawa daga cikin motocin Amurka masu araha waɗanda suka yi hatsari ne ko ruwa ya ci su, aka yi musu kwaskwarima da fenti. Jakunkunan iskar da mai saye ke taƙama da su wataƙila sun riga sun fashe an liƙe wurin. Araha ba ta ado.

Ta biyar, haɗari ga na waje. Kariyar da jif ke ba na ciki, na waje ne ke biyanta. Binciken cibiyar IIHS ta Amurka a 2023 ya nuna cewa motoci masu dogon goshi, sama da mita ɗaya, sun fi gajeru kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100, domin a ƙirji da kai suke bugu, ba a ƙafa ba. A ranar kasuwa, inda yara masu talla ke gudu tsakanin motoci, ƙaramin yaro na iya tsayawa dab da gaban Land Cruiser direba bai gan shi ba. Ita ma kanta doguwar mota ta fi saurin kifewa idan taya ta fashe da gudu ko aka kauce wa saniya da gaggawa.

Ta shida, jan ido. A lokacin da garkuwa da mutane ta addabi sassan Kebbi da maƙwabtanta, baƙar jif mai duhun gilashi tana sanar da cewa mai kuɗi na ciki. Akwai attajiran da suka gane haka suka koma shiga tsohuwar mota idan za su ƙauye.

Illa ta ƙarshe ta fi sauran nauyi a wurina, domin ta jama'a ce. A 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafi, aka saya wa 'yan majalisar tarayya jif-jif da rahotanni suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160, kuma hujjar da wasunsu suka kafa ita ce lalacewar hanyoyin mazaɓunsu. Mota mai laushin shokozoba tana ɓoye wa mai mulki ramin da ke karya ƙugun talaka. Wanda bai ji jijjigar hanya a jikinsa ba, da wuya ya yi gaggawar gyara ta, kuma kuɗin 'yan motoci kaɗan sun isa su gina kwalbatocin da za su amfani dubban manoma.

Abin da ya kamata mai saye ya auna

Idan aka ɗora ɓangarorin biyu a sikeli, za a ga cewa abin da Bagudo ke buƙata daga mota shi ne tsayi, ƙarfi da sauƙin gyara. Alfarmar da ke samansu kuɗi ne ake biya don jin daɗi da suna, kuma ba laifi ba ne ga mai halin da ya san abin da ya saya. Wanda aikinsa ke kai shi fadama da rugage da damina, Prado ko Hilux mai sauƙin inji ta fi masa LX. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, RAV4 ko Highlander ta ishe shi, mai batir kuma za ta rage masa kuɗin mai sosai, muddin yana da inda za a duba masa ita.

Kafin a miƙa kuɗi, a tabbatar da takardar fito a ofishin kwastam, a binciki tarihin motar da lambar jikinta, a kai ta wurin mai na'ura, sannan a lissafa man shekara da tayoyi a ga ko aljihu zai ɗauka ba tare da an taɓa jarin kasuwa ko abincin gida ba. Masu riƙe da dukiyar jama'a kuwa, haƙƙin da ke kansu shi ne su gyara hanyoyin Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya yadda mai Corolla da mai babur za su bi su rani da damina, su isa asibiti da kasuwa a kan lokaci.