A Buɗe wa Ma'aurata Hanyar Wurno

Tun zamanin Turawa, in ma'aikaci ya sami hutun shekara, Jos ce kan fara faɗo masa a rai, saboda sanyinta da duwatsunta. Amma akwai wani tsohon malamin makaranta a Sakkwato wanda shi da uwargidansa Wurno suke bege, domin can aka fara tura shi aiki suna ango da amarya.

Suna kuwa da hujja. Wurno gari ne bisa tudu, mai hangen fadamar Rima da shinkafarta da albasarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi ribaɗi, can ya rasu cikin 1837, can kuma kabarinsa yake. Daga nan baƙo na iya ratsawa Rabah, mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ko ya zarce Goronyo ya ga madatsar ruwan da aka gama cikin 1984.

Sau biyu dattawan nan suna ɗaure kaya, 'ya'yansu na kwancewa. Duk wanda ya tuna yadda 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo cikin 2021 ba zai ga laifin yaran ba. Abin kunya ne a ce garin da aka gina domin tsaron jama'a yau sai an yi shawara kafin a doshi yankinsa.

Ya wajaba gwamnatin jihar da ta tarayya su tsare hanyoyin nan dare da rana, ƙananan hukumomin uku kuma su haɗa kai su tanadi masaukin iyali mai tsabta. Malam ya haura shekara saba'in, gwiwoyin uwargida kuma sun fara gardama da hawan tudu.